Madarar gwangwani: inda kamfanoni ke kamun ƙafa ba a gani

A watan Mayun 2018 ƙasar Ekwado ta shirya gabatar da wani ƙuduri a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, wanda ke ƙarfafa shayar da nonon uwa da taƙaita tallar madarar gwangwani. An ɗauka zai wuce ba gardama, sai ga Ekwado ta janye. Daga baya jaridar New York Times ta ruwaito cewa wakilan Amurka sun yi mata barazanar matsin kasuwanci da yanke tallafin soja, ko da yake gwamnatin Trump ta ce ba ta adawa da shayarwa. Rasha ce ta ɗauki ƙudurin, ya wuce bayan an sassauta wasu kalmominsa.

Tun a 1981 aka ga irin haka. Da aka kaɗa ƙuri'a kan ƙa'idar tallar abincin da ke maye gurbin nono, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi.

Sai dai ƙa'idar nan shawara ce, ba ta ɗaure kowa. Inda gizo ke saƙar shi ne hukumar Codex, wadda Hukumar Lafiya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa domin tsara ma'aunin abinci. Da ma'auninta ake kafa hujja a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, saboda haka ƙasar da dokarta ta fi na Codex tsauri tana iya shan tuhumar toshe kasuwa. A zamanta kuwa ma'aikatan kamfanoni kan halarta a matsayin masu sa ido, wani lokaci ma a cikin tawagar gwamnatoci. An shafe shekaru ana jayayya a can kan ko madarar yara 'yan shekara 1 zuwa 3 tana cikin abin da za a hana tallarsa. Mai karatu zai ce gardamar kalma ce kawai, amma kalmar tana tsaron kasuwar da mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2023 cewa ta kai kusan dala biliyan 55 a shekara. Tailan ta ɗanɗana: Amurka ta ƙalubalanci daftarin dokarta a Ƙungiyar Ciniki, dokar da ta fito a 2017 kuma ba ta kai daftarin ƙarfi ba.

A Najeriya, inda binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ne ke shan nono zalla, NAFDAC ce ke sa ido kan wannan talla. Ya kamata 'yan majalisa su nemi sanin su wa ke cikin tawagar ƙasar idan za a zaman Codex, da wanda ke biyan kuɗin tafiyarsu.