Fenti Ba Ya Ɗorin Karaya: Gyaran Motocin Da Suka Yi Haɗari A Jega, Aliero Da Maiyama

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta Tambuwal da Aliero, ta shiga Jega, ta gangara Maiyama zuwa Koko da Yawuri, ya san ba a rasa gareji a bakin titi da mota a ciki gabanta a lotse, wani bawan Allah durƙushe yana ƙwanƙwasa da guduma. Hanya ce da ba ta hutawa: tireloli, motocin albasa da shinkafa, motocin haya da babura, dare da rana. Jega kuma mahaɗa ce, domin nan hanyar Birnin Kebbi take haɗuwa da ita. Inda ababen hawa suka yi yawa haka, karo ba ya ƙarewa, masu gyaran jikin mota, waɗanda aka fi sani da fanel bita, su ma ba sa rasa aiki.

Sana'a ce mai daraja, tana ciyar da gidaje, tana kuma raba yara da zaman kashe wando. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a cikinta, wadda ya kamata a yi magana a kai: ana auna kyawun aiki da ƙyallin fenti, ba da lafiyar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ba.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa cancantar gane haɗarin hakan. Bayan albasa, babu abin da Aliero ta yi suna a kansa kamar ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. Babu mai ɗorin da zai shafa magani a fata ya sallami mutum alhali ƙashin bai koma mazauninsa ba. Mota ma tana da ƙashi, kuma shi ne ake yawan bari a karkace.

Dalilin farko kuɗi ne. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, motar Beljiyam ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Motar da a da za a sayar wa 'yan gwangwan bayan mummunan haɗari, yanzu gyara ta ake yi a mayar da ita titi. Su kansu motocin da tsufansu suke zuwa. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Golf 3 da ake lodin fasinja da ita a tashoshi an fara ƙera ta a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Ƙarfen da ya sha rana da damina da lodi fiye da kima na shekaru masu yawa, idan ya ƙara da karo, ba ƙaramin kulawa yake buƙata ba.

Yawancin ƙananan motoci ba su da shasi na daban kamar na babbar mota. Gangar jikin ce gaba ɗaya take ɗaukar nauyi, kuma a jikinta aka ɗaure inji da ƙafafu da shakazoba. An tsara gaba da baya su lotse yayin karo domin su shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga mutanen da ke ciki, dabarar da kamfanin Mercedes-Benz ya fara sa wa motocinsa a 1959. Ma'ana, lotsewar da aka gani aikinta motar ta yi. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙar da shi ba zai sake yin wannan aiki kamar na farko ba.

Abin da aka saba gani shi ne a ɗaure motar da sarƙa a jikin bishiya ko turke, a gasa ƙarfen da wutar walda har ya yi ja, a ja da jak, a auna da ido. Ƙarfen motocin zamani mai tauri ne na musamman, kuma zafin wuta yana kashe wannan tauri, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera su suke hana gasa sassan da ke riƙe da jikin mota. Daga nan sai a kawo bodi fila. An yi ta ne don cike 'yan ramukan da guduma ta bari, kaurinta bai kamata ya wuce milimita 6 ba, amma sai a lafta ta kamar ana yaɓen ɗaki. Jakar iskar da ta fashe ba ta sake aiki, sai dai a sa wata, amma akan manne murfin sitiyarin a bar cikinsa fanko, a kashe fitilar da ke gargaɗi. Mafi muni shi ne a yanke gaban wata mota a haɗa da bayan wata. A ido kyan ɗan maciji, ranar karo na biyu kuwa wurin waldar ne zai fara buɗewa.

Lamarin ya fi tsanani ga tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu da samari ke sha'awa, irin su Toyota Celica da aka daina ƙerawa a 2006. Kayanta ba sa samuwa a kusa, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a jira makonni, wani lokacin a dawo hannu rabbana. Gajen haƙuri sai ya sa a ƙwanƙwasa abin da ya kamata a canja. Mota ce kuma da aka yi don gudu, karkatar da ba ta kai faɗin yatsa ba a mazaunin ƙafa ta isa ta sa ta riƙa fizgar sitiyari, tana cin taya gefe ɗaya.

Ba adalci ba ne a ɗora wa fanel bita laifin shi kaɗai. Direban haya da ke da balas a wuyansa so yake motar ta fito jibi. Mai mota zai yi ciniki a kan fenti, amma da an ambaci canja ƙarfen ciki sai ya ce a dai lallaɓa. Dillali kuwa ƙyalli yake nema domin ya sayar. Shi mai gyaran a hannun ubangidansa ya koya, babu injin jan shasi, babu takardar awon kamfani, wutar lantarki ma sai an yi sa'a. Ga batun inshora: daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, tana biyan diyyar dukiya har naira miliyan 3. Amma motar wanda aka buga take biya, ba ta mai inshorar ba, kuma da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa jami'ai a hanya kawai. Idan aka yi karo sai a sasanta a bakin titi, kowa ya gyara daga aljihunsa, aljihu kuma araha yake nema. Araha kuwa ba ta ado.

Wanda ke biyan farashin ƙarshe shi ne fasinjan da ya shiga mota a tashar Jega bai san tarihinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Gudu da lodi da lalacewar hanya su ke jawo haɗari, amma ingancin jikin mota yana cikin abubuwan da ke raba wanda zai fito da ƙafarsa da wanda za a fitar.

Gyaran wannan matsala bai fi ƙarfin jihar Kebbi ba. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama za su iya haɗa hannu su kafa cibiya guda a Jega mai injin jan shasi da na'urar daidaita ƙafafu, inda kowane mai gyara zai kai aiki ya biya kuɗi kaɗan. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, tare da asusun horas da ma'aikata na ITF, za su iya shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa, ga iyayen gida kafin yaransu. Ƙungiyar makanikai ta NATA ta sa wa 'ya'yanta doka: ba a haɗa rabin mota da rabin wata, ba a rufe jakar iskar da babu. Ƙungiyar direbobi ta NURTW kada ta bar motar da ta yi babban haɗari ta koma layi sai jami'an VIO sun leƙa ƙarƙashinta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda ke aiki tun 1988, ta riƙa kai wayar da kai gareji kamar yadda take kaiwa tasha.

Mai sayen mota shi ma yana da abin yi. Ya tafi da makanikensa, ba na dillali ba. Ya bi jikin motar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai yiwuwar fila ce. Ya duba ko tazarar ƙofofi da bonet daidai take hagu da dama, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but ya nemi sawun walda. Ya kunna makulli ya ga fitilar jakar iska ta kama, ta kuma mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu. Mai sayarwa kuma ya tuna cewa ɓoye aibin haja algus ne, addini ya hana, balle aibin da zai iya cin rai.

Ba wanda ke cewa a daina gyara tsofaffin motoci, halin da ake ciki bai ba da wannan dama ba. Abin da ake nema shi ne a fara da ƙashi kafin fata. Fanel bitan da ya dubi mai mota ya ce masa, “Alhaji, wannan ba ta ƙwanƙwasuwa, sai an canja,” zai iya rasa aikin ranar, amma shi ne ya san sana'arsa, kuma shi ya kamata jama'ar Jega, Aliero da Maiyama su riƙa kai wa motocinsu.