Lambar gwajin korona da farashinsa a Amurka

A Amurka, ɗakin gwaji ba ya samun ko sisi daga inshora sai ya rubuta lambar aikin da ya yi. Ƙungiyar Likitocin Amurka ce ke tsara waɗannan lambobi, da ake kira CPT, kuma a Maris 2020 ta fitar da 87635 don gwajin korona. Medicare, inshorar tsofaffi ta gwamnati, ta riƙa biyan kusan dala 51 kan kowane gwaji.

Sai wata dokar agajin korona mai suna CARES ta tilasta wa kamfanonin inshora biyan duk farashin da ɗakin gwajin da ba su da yarjejeniya da shi ya wallafa. Wasu ɗakunan gwajin kuwa suka tsawwala, gwaji guda ɗaruruwan daloli. Laifin na majalisar dokokin ƙasar ne, da ta ce a biya ba tare da ta yanka iyakar farashi ba.