Wayar salula da ido: gajiyar manya tana wucewa, ta yara ce abin tsoro



A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da cutar makantar bakin kogi, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta samu wannan shaida, bayan yaƙin da aka faro tun shekarun 1970. Kafin nan, a shekarar 2018, Ghana ta samu irin wannan shaida a kan amosanin ido. Wannan ni'ima ce babba, kuma ta cancanci godiya. Sai dai a daidai lokacin da muke sallamar tsofaffin cututtukan ido, wata sabuwar matsala tana shigowa gidajenmu, kuma mu ne muke sayo ta da kuɗinmu mu miƙa wa yara.

Yanzu da wuya a zauna majalisa bayan sallar isha'i ba a ji wani yana kukan ido ba: raɗaɗi, ƙaiƙayi, hawaye, dishi-dishi, ciwon kai. Kowa kuma waya yake zargi. Zargin yana da tushe, amma ana haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai gajiyar ido da ke damun manya, akwai kuma canjin da ke samun idon yaro mai tasowa. Ta farko tana wucewa idan an huta. Ta biyu kuwa idan ta zauna ta zauna ke nan.

Gajiyar manya

A yadda Allah Ya halicci ido, mutum yana ƙifta shi kamar sau 15 a minti ɗaya, kuma kowace ƙiftawa tana shafa wa ƙwayar ido ruwan hawaye don kada ta bushe. Idan mutum ya ƙura wa waya ido, ƙiftawar takan ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka ba tare da ya sani ba. Daga nan raɗaɗi yake farawa, a ji kamar an zuba yashi. A irin ƙasarmu abin ya fi tsanani, domin busasshiyar iskar hunturu da ƙura sun riga sun busar da idon tun kafin a ɗauki waya.

Sannan akwai wata 'yar tsoka a cikin ido wadda take matsewa duk lokacin da aka kalli abu na kusa, ta saki idan aka kalli nesa. Waya ana riƙe ta kusa da fuska fiye da littafi, rubutunta kuma ƙanana ne. Wanda ya shafe awa uku a kan WhatsApp ko TikTok ya bar wannan tsoka a matse tsawon awa uku. Shi ya sa idan ya ɗaga kai yakan ga nesa dishi-dishi na ɗan lokaci.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. Likitocin ido suna ba da shawarar cewa bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli wani abu mai nisan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. A riƙa ƙifta ido da gangan, a ƙara girman rubutu, a nisanta wayar da fuska, a daina kallo cikin duhu da haske mai ƙarfi. Wanda kuma ya haura shekara 40 ya fara nisanta Alƙur'ani da fuskarsa kafin ya ga wasulla, ya sani wannan aikin shekaru ne, yana samun kowa ko bai taɓa riƙe waya ba. Tabaron karatu ne maganinsa.

Tsoron da 'yan kasuwa ke ci da shi

An yaɗa cewa shuɗin hasken waya yana ƙona ido har ya makantar, an kuma cika kasuwa da tabarau da ake cewa suna tare shi. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ba ta ba da shawarar sayen irin waɗannan tabarau ba, domin shuɗin hasken da ke fita daga waya bai kai ko kusa da wanda rana ke bayarwa ba. A shekarar 2023 masana na cibiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 17 suka duba, ba su ga alamar tabaran suna rage gajiyar ido ba.

Haka labarin makantar waya. Asalinsa wasu mata biyu ne a Landan da likitoci suka ba da rahotonsu a shekarar 2016. Suna kwanciya ta gefe ɗaya cikin duhu, matashi ya rufe ido ɗaya, ɗayan yana kallon waya. Da sun ajiye wayar sai idon da ya saba da haske ya daina gani na 'yan mintuna, sannan ya dawo daidai. Babu wadda ta makance a cikinsu.

Abin da ya fi shuɗin haske haɗari shi ne maganin ɗigawa da ake saya a kasuwa ko a hannun masu tallar magani ba tare da ganin likita ba. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, amma idan aka daɗe ana amfani da shi yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Ganin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ba ya dawowa.

Inda haɗarin yake

Idon yaro yana girma kamar yadda jikinsa ke girma. Idan ƙwayar idon ta yi tsawo fiye da kima, sai yaro ya riƙa ganin na kusa sarai amma na nesa ya dushe masa. Likitoci suna kiran wannan mayofiya. Tabarau yana gyara ganin, amma ba ya mayar da idon yadda yake. Gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin da abin ya fara, gwargwadon nisan da yake yi, kuma idan ya yi tsanani yana ƙara haɗarin ɓallewar tantanin bayan ido da hawan jinin ido da yanar ido a lokacin girma.

Wani bincike da masana na cibiyar Brien Holden ta Ostireliya suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen duniya ne ke da wannan matsala, amma zuwa 2050 za ta kai rabin mutanen duniya. Ƙasashen gabashin Asiya sun riga sun ga haka da idonsu. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu an gwada samari 'yan shekara 19, aka samu fiye da kashi 96 cikin 100 ba sa ganin nesa sosai sai da tabarau.

Adalci shi ne a ce matsalar ta fara a can tun kafin zuwan wayar zamani, sanadin yawan karatu a cikin ɗaki da ƙarancin fita waje. Waya ta zo ne ta ƙara wa wutar itace, domin ta haɗa abubuwan biyu wuri ɗaya: kallon kusa na tsawon lokaci da zaman ɗaki. An ga haka ƙarara lokacin annobar korona. A garin Feicheng na ƙasar Sin, inda ake gwada idon 'yan makaranta duk shekara, yara 'yan shekara 6 masu wannan matsala ba su taɓa wuce kashi 6 cikin 100 ba a shekarun baya. Bayan watannin kulle na 2020, da karatu ya koma kan waya da kwamfuta, sai adadin ya haura kashi 21.

Hasken rana kariya ne

Abin da bincike ya fi tabbatarwa a wajen kariya shi ne zaman yaro a waje da rana. Hasken waje, ko a ƙarƙashin inuwar bishiya, ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa, kuma yana taimakawa wajen hana ƙwayar ido yin tsawo. A birnin Guangzhou an ƙara wa wasu 'yan firamare minti 40 na zaman waje a kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kusan kashi 30 cikin 100 nasu ne suka kamu, alhali a makarantun da ba a ƙara ba an samu kusan kashi 40. Taiwan kuwa tun 2010 ta umarci makarantu su riƙa fitar da yara waje awa biyu a rana, kuma adadin masu raunin gani da ya daɗe yana hawa ya fara sauka. Ƙasar Sin, wadda ita ce ke ƙera mafi yawan wayoyin da ke hannunmu, ta taƙaita shiga da waya makarantu a 2021.

Ya 'yan'uwa, abin da waɗannan ƙasashe suke kashe kuɗi don su dawo da shi, mu muna da shi kyauta. Yaron da ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana karatun allo a tsakar gida ko gindin bishiya, yana wasa a fili har magariba, ya samu wannan kariya ba tare da an tsara masa ba. Shi ya sa har yanzu matsalar ba ta yi yawa a Afirka kamar Asiya ba. Amma rayuwar birni tana canzawa. Yaro ya tashi daga ajin boko ya shiga ajin islamiyya, ya dawo gida a miƙa masa waya don ya yi shiru. Ga shi kuma likitocin ido kaɗan ne, mafi yawansu suna manyan birane. Idan abin da ya samu Asiya ya same mu, ba mu da ƙarfin da suke da shi na ɗaukarsa.

Abin da ke kanmu

Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan abin da ido ke kallo a waya, kuma sun yi daidai. Lafiyar idon kanta ma amana ce, ta yaro kuwa tana wuyan iyayensa da malamansa, tunda shi bai san illar ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Iyaye su riƙe wannan, su kuma tabbatar yaro yana samun kamar awa biyu a waje kullum. Makarantun islamiyya da ke da inuwa a harabarsu su riƙa fitar da wasu darussa waje, kamar hadda da tilawa. Ɗalibi mai hadda ya fifita mus'hafin takarda mai manyan baƙaƙe, ya bar na waya don tafiya ko lalura.

Malamin aji shi ne ya fi kowa damar ganewa da wuri. Yaron da ke tsuke ido in yana kallon allo, ko yake matsowa gaba kullum, ko yake kwafa daga littafin na kusa da shi, a gwada idonsa kafin a kira shi malalaci ko a ɗaga masa bulala. Idan likita ya rubuta tabarau a saya a sa masa. Maganar cewa tabarau yana ƙara kashe ido ba ta da tushe, rashin sa shi ne yake hana yaro karatu. Kwamitocin masallatai kuma suna iya haɗa kai da ma'aikatan lafiya a riƙa gwajin ido ga ɗalibai ko sau ɗaya a shekara, a tallafa wa marayu da marasa hali da kuɗin tabarau daga sadakar jama'a.

Allah Ya kare mana jinmu da ganinmu, Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin.