Wa Ya Rubuta Labarin?

A wata fadar 'yan shayi da ke Zango, a nan Damagaram, samari na ta musu kan wani fim mai dogon zango na Kano. Sun san sunan kowace jaruma da wanda ake cewa za ta aura. Na tambaye su wa ya rubuta labarin, aka yi tsit. Da na ambaci Rahmatou Keïta, wani ya ce ko mawaƙiya ce. Raina ya ɓaci sosai.

Wannan baiwar Allah ce ta rubuta fim ɗin Zin'naariyâ!, kuma ita ta ba da umarni. Labarin Tiyaa ne, 'yar gidan sarauta da ta dawo Damagaram hutu daga karatu a Faransa, tana dakon saurayin da ya yi mata alkawari. A cikin wannan jiran ne ake nuna zaman matan gida, aurensu, sakinsu da haƙurinsu. An haska shi a Toronto a 2016, kuma shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar, a 2018. Garinmu ne aka kai can, amma 'ya'yan garin ba su san mai alƙalamin ba.

Aïcha Macky kuwa haifaffiyar nan ce. A 2016 ta yi fim ɗin L'arbre sans fruit kan rashin haihuwa, ciwon da ita kanta ta ɗanɗana. A 2021 ta fitar da fim ɗin Zinder, ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira pale, masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya, har suka saki jiki suka yi magana. Wasu na cewa ta tona asirin gari. Wane asiri? Wanda muke wucewa ta gabansa a kan kabu-kabu kullum?

Na sha faɗa: Sarki Tanimun ya zagaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, André Salifou ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa tun tuni. Kayan fim ne a ajiye. Attajiranmu na liƙi da miliyoyi a daren biki guda, amma yarinyar da ke cika littafin lakkwal da labarai, in ta je neman kuɗin takarda, cewa ake ta tafi ta yi aure.