RA'AYINMU: A Auna Nakasa, Kada A Hukunta Ƙwazo

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ratsa ƙauyukan 'yan'uwanmu Hausawa na Jazira da na gaɓar Shuɗin Nilu, tun daga kewayen Wad Madani da Mai Wurno har zuwa Damazin. Ya bar matasa da raunuka na har abada, ƙari a kan waɗanda shan inna ta riga ta nakasa. Wasannin nakasassu na cikin hanyoyin da za su maido wa irin waɗannan matasa martaba, kuma Sudan ba baƙuwa ba ce a fagen, domin ta ci zinare a jifar dalma a gasar nakasassu ta duniya ta 1980 a Holand.

To amma kafin ɗan wasa ya shiga gasa, sai likitoci da masana wasa sun tantance shi, sun sanya shi rukunin masu nakasa daidai da tasa. Kwamitin wasannin nakasassu na duniya ya fitar da dokar tantancewar a 2007, ya sake fasalinta a 2015 da 2025. Ƙa'idarta ita ce a auna iya cikas ɗin da nakasa ke yi wa mutum a wasan, ban da ƙarfin da ya samu ta hanyar atisaye.

A nan gizo ke saƙar. Wanda aka yanke wa ƙafa, awonsa mai sauƙi ne, tunda atisaye ba ya tsirar da ƙafa. Amma gurgun shan inna, ƙarfin jikinsa da iya zamansa a keke ake gwadawa, kuma horo na canza su. Yaron ƙauye da bai taɓa ganin koci ba zai bayyana da rauni fiye da ainihinsa. Bayan shekara biyu yana atisaye, in aka sake awo aka cilla shi rukunin masu ƙaramar nakasa, ƙwazonsa ya ja masa asara ke nan. Na bayansa kuwa darasin da za su ɗauka shi ne ɓoye ƙarfi ranar awo.

Duk ɗan kasuwa ya san sunan wannan: tauye mudu. A gasar Sidni ta 2000, an gano 10 daga cikin 'yan ƙwallon kwando 12 na Sifen ba su da tawayar ƙwaƙwalwar da suka yi iƙirari, aka karɓe zinarensu, aka kuma dakatar da wasannin masu irin wannan tawaya har zuwa 2012. A gasar Tokiyo ta 2021, Vinod Kumar na Indiya ya rasa tagullarsa ta jifar faifai, daga baya aka dakatar da shi shekara biyu saboda ɓoye ƙarfinsa.

Bisa ga haka, muna kira ga hukumomin wasanni na Sudan da su daina gaggawar tantance yaro kafin ya samu horo na farko, su kuma riƙa dogaro da awon da atisaye ba ya sauya shi sosai. Iyaye su adana takardun asibiti, domin da su ake fara shari'ar rukuni. Masu horarwa su ji tsoron Allah, kada su koya wa yara ha'inci.

Ku kuma 'yan kasuwarmu na Gallabat da Jibiya da Illela da Maigatari, ƙungiyoyinku na iya ɗaukar nauyin keken guragu da ladan koci a ƙauye guda. Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a Nijeriya a 1988, yau ga ta da gasa ta ƙasa. Yaron da ya horu kafin awo, rukuninsa na gaskiya za a ba shi, ba kuma zai ji tsoron ƙara ƙoƙari ba. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.