Kafin A Kai Bindigar Kaka Gwanjo

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je gida Daura, na tarar da 'yan uwa ana ta ja-in-ja a kan wata tsohuwar bindiga da aka ciro daga ƙasan akwatin wani dattijonmu da Allah Ya yi wa rasuwa, a yayin da ake haɗa kayan gado. Ba irin adakar nan ta maharba ba ce da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ƙirar Amurka ce, mai wani hannun ƙarfe a ƙarƙashin kunama, wanda idan aka ja shi ƙasa aka mayar sai ya tofar da kwankon harsashi ya ɗana sabo. A jikinta an rubuta sunan kamfanin Winchester na garin New Haven, da kuma alamar samfurin 1873. Wani dillali ya riga ya yi tayi da kuɗin da bai kai na saniya guda ba, shi kuwa wani ɗanmu da ya gama jami'a ya rantse cewa ya gani a intanet an sayar da irinta fiye da dala miliyan ɗaya, don haka lallai a nemi hanyar kai ta gwanjo a ƙasar waje. Ra'ayina shi ne dukansu biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu ya shafi gidaje da yawa a wannan masarauta, shi ya sa na ga ya dace in kawo maganar wannan shafi.

Mu fara da maganar yaron, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A shekarar 2016 kamfanin gwanjo na Rock Island da ke Amurka ya sayar da wata Winchester samfurin 1886 a kan dala miliyan 1 da dubu 265. To amma me aka saya? Bindigar ita ce mai lamba ta 1 a jerin samfurinta, kuma an ba da ita kyauta ne ga Kyaftin Henry Lawton, hafsan da ya jagoranci farautar Geronimo, jagoran ƙabilar Apache, a 1886. Wato masu kuɗin sun sayi lamba da suna da takardun da suka tabbatar da su. Ita kuwa samfurin 1873 irin tamu, an ƙera ta fiye da guda 700,000, saboda haka tsufa kaɗai ba ya mayar da ita dukiya. Akwai ta birjik a hannun masu tara kayan tarihi, kuma abin da ke bambanta mai tsada da mai araha abu biyu ne: halin da take ciki, da kuma labarin da za a iya tabbatarwa a kanta.

A batun halin da take ciki ne na ga abin takaici. Kafin isowata wani ƙanena ya ɗauki sanfefa da toka ya murje kusan rabin bututun har yana ƙyalli, ya kuma shafa wa katakon gindin fenti. Da na yi masa magana sai ya ce, “Yaya, ai gyara na yi, wa zai sayi abu duk tsatsa?” Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Masana ƙimar tsofaffin makamai abin da suke fara dubawa shi ne yawan abin da ya rage na ainihin launin da masana'anta ta yi wa ƙarfen, har sukan ƙiyasta shi da kashi cikin ɗari. Wannan duhu-duhun da shekaru suka bari a jikin ƙarfe, wanda mu muke kira datti, shi ne shaidar cewa ba a taɓa ta ba. Daga nan sai su leƙa cikin bututun da haske su ga ko tsatsa ta cinye zanen da ke murɗa harsashi, su duba katakon ko ya tsage ko an sauya shi, su duba kan kusoshi ko an taɓa kwance su da abin da bai dace ba, su kuma ga ko rubutun kamfani yana nan da kaifinsa. Sanfefa tana dusashe rubutu, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Bindigar da aka goge aka sake wa launi, ko da ta fi kyan gani, tana faɗuwa ƙasa warwas a wurinsu.

Akwai misalin da nake son mai karatu ya riƙe. A watan Nuwamba na 2014 ma'aikatan gandun Great Basin a jihar Nevada sun tsinci wata Winchester samfurin 1873 a jingine da bishiya, rana da ruwa sun mayar da katakonta launin toka. Ba su goge ta ba. Sun karanta lambarta, aka duba kundin masana'antar da ke ajiye a gidan tarihin makamai na garin Cody a jihar Wyoming, aka gano cewa a 1882 ta fita daga kamfani. Da aka haska ta da na'urar hoton ƙashi sai ga harsashi a ɓoye cikin gindinta. An ajiye ta da tsatsarta, mutane suna zuwa kallo. Darasi biyu ke nan: lambar da ke ƙarƙashin wuyan bindigar tana iya faɗin shekarar haihuwarta ba tare da rantsuwar dillali ba, sannan duk tsohuwar bindiga a ɗauka a ɗane take har sai wanda ya san aikin ya tabbatar da akasin haka. Kada kuma wani ya ce zai gwada ta da harsashin zamani. An yi ta ne don baƙin albarushi.

Yanzu sai labari, kuma a nan ne nake ganin mu Daurawa muke da abin da babu shi a kasuwar Amurka, amma muke wasa da shi. Tsofaffin gidanmu sun ce kakan mamacin ne ya zo da bindigar daga Damagaram. Maganar ba ta saɓa wa tarihi ba. Bayan jihadi ƙasar Daura ta rabu uku, Daura da Zango da Ɓaure, kuma sarakunan Haɓe da ke Zango sun zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram kafin Turawan Ingila su dawo da Malam Musa birnin Daura. Damagaram kuwa ita ce ƙofar fataucin Sahara daga Tarabulus, kuma Sarkinta Tanimu ya yi suna wajen tara bindigogi har da ƙera igwa. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, aka bar mana na ɗuri. Saboda haka bindiga mai maimaita harbi da ta iso wannan yanki a wancan zamani ba kayan talaka ba ce, kuma hanyar da ta biyo wani babi ne na tarihinmu. Amma duk wannan yana bakin tsofaffi biyu ne da suka haura shekara 80. Ranar da suka kwanta dama, abin da zai rage mana shi ne ƙarfe mai tsatsa wanda aka murje rabinsa.

Bai kamata a koya wa mutumin Daura wannan ba. Baƙi suna zuwa daga nesa su ga rijiyar Kusugu, su ji labarin takobin Bayajida da ke fada. In da za a auna takobin nan a matsayin ƙarfe, nawa maƙeri zai biya? Labarin da aka riƙe ne ya ba shi daraja. Amma sai ga shi abin da ke cikin ɗakunanmu muna barin labarinsa ya mutu, mu kai gangar jikin kasuwa.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in ɗan ratse. Kalmomin wannan fage kusan duk aro ne daga Larabci: bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga barud, harsashi daga rasas. Harshen da kansa yana shaida cewa ta arewa, ta hannun fataken Sahara, makamin ya fara zuwa mana. Sannan dubi abin da ya sami kalmar 'yan bindiga. A da, dakarun Sarki ne da ke cika gari da ƙara da hayaƙi a Hawan Sallah da Hawan Magajiya da Sallar Gani, yara suna bin su da murna. A yau idan gidan rediyo ya ce 'yan bindiga, gaban kowa faɗuwa yake yi. Wannan sauyin ma'ana shi ya sa magidanci yake tsoron a san yana da bindigar gado, ya gwammace ya jefa ta masai ko ya miƙa wa dillali da dare. Ba na ganin laifinsa ƙwarai, ganin halin da jihar Katsina ta shiga a shekarun nan.

Sai dai tsoro ba ya sauya doka, kuma a nan ne mafarkin gwanjo yake rushewa. Dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, ta hana sayar da ita sai ta hannun dillali mai rajista, ta kuma hana fitar da ita daga ƙasa ba da izini ba. Wanda ya ɗauki Winchester ya nufi Kwangwalam da ita a cikin buhun gero, sunansa mai fasa-ƙwaurin makamai, ko da bindigar ta girmi kakansa. A ɗaya ɓangaren, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba da kariya ga kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918, har da makamai, ta kuma hana cinikinsu sai da wakilin da hukumar ta amince da shi. Ke nan adakar da maƙerin Daura ya ƙera a zamanin Sarki Musa tana da gata a doka, alhali baƙuwar bindiga irin tamu, wadda ta shekara fiye da 100 a ƙasar nan, matsayinta bai fito fili ba. Idan ta faɗa hannun hukuma a matsayin haramtaccen makami, makomarta ita ce a haɗa ta da AK-47 na ɓarayin daji a lalata.

Wani zai ce, to malam, magada fa? Akwai marayu a cikinsu, kuma shari'a ta ce a raba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Amma rabon gado ƙima yake buƙata, ba lallai sai an sayar wa bare ba. Ana yi wa gida da gona ƙima, wani magaji ya ɗauka ya biya sauran. Zaluncin da za a yi wa maraya shi ne a karɓi tayin dillalin da ya san abin da yake saye daga hannun waɗanda ba su san abin da suke sayarwa ba. Haka kuma zalunci ne a riƙe rabon shekara da shekaru ana jiran dala miliyan da ba za ta zo ba.

Abin da nake roƙon Majalisar Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruk Umar, shi ne ta buɗe rajistar makaman gado, da haɗin gwiwar rundunar 'yan sanda da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina. Magidanci ya kawo abinsa ta hannun mai unguwa ko dagaci ba tare da fargabar kamu ba, a ɗauki hoto, a rubuta lamba, a naɗi bayanin tsofaffi da muryarsu, sannan a ajiye makamin a wuri amintacce da sunan gidan da ya fito. Malaman tarihi na jami'o'inmu da ɗalibansu za su yi aikin naɗar bayanan da murna, domin abin rubuta kundin digiri ne ya zo musu har gida. Fada ce kaɗai talaka zai yarda ya kai wa irin wannan kaya da rana tsaka.

Mu dai a gidanmu an tsaya a kan cewa ba za a sayar ba. An karɓe sanfefar daga hannun ƙanena, an rubuta lambar, Baffanmu ya je ya sanar da hukuma, ni kuma na zauna da tsofaffin nan biyu na naɗi maganarsu ta kusan awa uku. A cikin hirar ne ɗayarsu ta ambaci sunan wani zango a hanyar Damagaram da ban taɓa ji ba, har yanzu ina nemansa a taswira.