RA'AYINMU: Ƙahon Lasifika Da Haƙƙin Mai Sauraro

Duk wanda ya taɓa zama a gefen babban ɗakin lacca, ko a can ƙarshen sahu a filin Idi, ya san yadda magana take isa gare shi: ƙara tana nan, amma kalmomi sun cakuɗe. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara wa na'ura ƙarfi, har na gaba su toshe kunne, na gefe kuwa su ci gaba da tambayar juna abin da aka faɗa.

Sau da yawa laifin yana ga siffar ƙahon lasifikar. Ƙaho irin na da yakan baza sauti mai kauri ko'ina, amma siririn sauti, wanda da shi kunne yake rarrabe "sa" da "sha", sai ya tattara shi ya harba gaba kawai kamar hasken tocila. Wanda ya kauce wa saitinsa ya rasa rabin magana.

Masana a Amurka sun daɗe da magance wannan. A 1975 injiniya Don Keele na kamfanin Electro-Voice ya bayyana wani sabon ƙaho mai baza siririn sauti da mai kauri kusan daidai a kusurwa ɗaya, misali digiri 90 a faɗi da 40 a tsaye, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1978. Kamfanin Altec ya sami tasa a 1980 kan ƙahon Mantaray, sannan JBL, inda Keele ya koma, ya biyo baya da Bi-Radial a 1982.

A wancan zamani wa'adin irin wannan takarda a Amurka shekara 17 ne. Ke nan duk ukun sun daɗe da ƙarewa, kuma zane-zanensu da bayaninsu suna nan a buɗe ga kowa. Babu dokar da ta hana ɗalibin injiniya a Zariya ko Kano ya nazarce su ya ƙera nasa.

Mu a ganinmu, bai kamata ma'aikata ko makaranta ta sake sayen lasifika ba sai ɗan kwangila ya rubuta kusurwar da kowane ƙaho yake rufewa da inda za a kafa shi. Kafin a biya shi kuma, a sa jami'i ya zauna a kujerar ƙarshe ta gefe, a karanta masa sanarwa, ya maimaita abin da ya ji.